Yaya ake koyar da kwaminisanci a sakandare ba tare da an ɓoye wa yara gaskiya ko an tayar wa iyaye hankali ba?

Malamin Gwamnati, Kano:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da duk masu bibiyar wannan zaure. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati da ke bayan birnin Kano, shekarata ta shida ke nan ina koyar da darasin Gwamnati, kuma tun bara aka haɗa mini da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa saboda ƙarancin malamai. Duk wanda ya taɓa riƙe darasin Gwamnati ya san cewa a aji ɗaya na babbar sakandare manhaja ta tanadi a bi da yara ta kan aƙidun siyasa ɗaya bayan ɗaya, tun daga zaman taimakekeniya irin na mutanen da, zuwa mulkin mulukiya, jari-hujja, gurguzu, kwaminisanci da mulkin kama-karya. Shekara biyar ina yin abin da na tarar ana yi, wato in rubuta ma'anar kowace aƙida a allo, in jero siffofinta da amfaninta da illolinta, yara su kwafa, su haddace, su juye a jarrabawa, kowa ya kama gabansa.

A zangon da ya wuce sai na ce bari in ɗan buɗe maganar, domin na gaji da ganin yara suna rubuta abin da ba su san ma'anarsa ba. Na ba su labarin Karl Marx, Bajamushen da aka haifa a 1818 ya rasu a Landan a 1883, da abokinsa Friedrich Engels wanda ya ga halin da ma'aikatan masaƙun Manchesta suke ciki da idonsa, da kuma ƙaramin littafin da suka fitar a 1848 suna kiran ma'aikatan duniya su haɗa kai. Ina cikin bayani sai wani yaro daga layin baya ya ɗaga hannu, ya ce kakansa ɗan NEPU ne, jam'iyyar Malam Aminu Kano, an taɓa ɗaure shi, kuma ya ba shi labarin cewa a lokacin ana kiransu 'yan kwaminis, don haka yana so ya sani ko Malam Aminu Kano kwaminis ne. Kafin in buɗe baki wani ya amsa masa da cewa ai kwaminis su ne waɗanda ba su yarda da Allah ba. Nan take aji ya kaure da hayaniya, yara fiye da tamanin kowa na faɗin tasa, ga shi saura minti goma a kaɗa ƙararrawa. Da na samu suka yi shiru, sai na gaya musu cewa gaskiya ne Marx bai yarda da addini ba, har ya kwatanta shi da ƙwayar da ke kashe wa talaka raɗaɗi, na rubuta maganar a allo, aka tashi.

Bayan kwana biyu wani mahaifi ya zo ofishin shugaban makaranta da littafin ɗansa a hannu, ya naɗe daidai shafin da yaron ya kwafi jimlar, ba tare da ya rubuta sunan wanda ya faɗe ta ba. Mutumin bai yi faɗa ba, amma ya ce shi bai kawo ɗansa makaranta don a koya masa cewa addini ƙwaya ne ba. Na yi masa bayani, ya saurara, muka rabu lafiya, sai dai bayan tafiyarsa shugaban makaranta ya ba ni shawarar in koma kan abin da ke cikin littafin karatu, in daina abin da ya kira shige-shige.

Zango mai zuwa zan sake riskar wannan babi da sabon aji, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka riga ni. Ta wace hanya ake koyar da wannan batu yaro ya fahimci abin da ya jawo miliyoyin mutane suka rungumi kwaminisanci, ya kuma san abin da aka aikata da sunansa, ba tare da malami ya zama kamar mai yi wa aƙidar talla ko mai tsoratar da yara ba? Kuma wace amsa ya kamata in ba yaron nan game da Malam Aminu Kano, tunda har yau ban ba shi ba?

Tsohon malami, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka kawo wannan magana fili, domin na koyar da wannan darasi shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma na san da yawa daga cikinmu tsallake shi muke yi da gudu kamar mai tsallake wuta.

Rabin matsalarka daga harshe ta taso. A Hausa kalmar gurguzu ita muke jibga wa abubuwa biyu ko uku da suka sha bamban, kuma gidajen rediyo sun daɗe suna cewa ƙasashen gurguzu suna nufin Tarayyar Sobiyet da Sin da Kuba, alhali kalmar nan ita ce dai muke amfani da ita idan muna maganar jam'iyyar Leba ta Ingila ko ra'ayin Cif Obafemi Awolowo. Sai ka fara raba wa yara waɗannan tukuna. Akwai masu ra'ayin gurguzu da suka yarda da zaɓe da jam'iyyu da yawa, waɗanda burinsu shi ne hukuma ta riƙe manyan abubuwan da rayuwa ta dogara a kansu, ta kuma karɓi haraji daga masu hali ta yi wa kowa makaranta da asibiti. Irinsu ne suka ci zaɓe a Ingila a 1945, suka kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948, kuma da jama'a suka kayar da su a 1951 suka sauka ba tare da an harba bindiga ba. Akwai kuma mabiya Lenin, waɗanda suka ƙwace mulki a Rasha a 1917 bisa aƙidar cewa jam'iyya ɗaya ce za ta yi mulki da sunan ma'aikata, ta karɓe gonaki da masana'antu da bankuna, ta hana kowace irin adawa har sai an kai matakin da Marx ya yi hasashe, inda babu mai gida babu bara, hukuma ma kanta ta shuɗe. Wannan mataki na ƙarshe shi ne kwaminisanci a ma'anarsa ta littafi, kuma babu ƙasar da ta taɓa cewa ta kai shi, domin ita kanta Tarayyar Sobiyet a cikin sunanta na hukuma gurguzu ta ambata, ba kwaminisanci ba. Idan yaro ya riƙe wannan bambanci, ya riga ya fi wasu manya da ke muhawara a majalisar shayi.

Game da tambayar yaron, amsar ita ce a'a, amma kada ka tsaya a nan, domin kakansa bai yi ƙarya ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma sanarwar Sawaba da ta fitar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da hukumar En'e a gefe guda da talakawa a ɗaya gefen. Duk wanda ya karanta Marx zai ji ƙamshin harshensa a wannan magana, kuma a shekarun da Turawan mulkin mallaka suke ganin hannun Mosko a kowace zanga-zanga, wannan kaɗai ya isa a liƙa wa mutum sunan kwaminis. Amma Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mai tafsirin Alƙur'ani, kuma hujjojin da yake kafawa a kan zaluncin masu sarauta yawanci daga Alƙur'ani da hadisi da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake ɗebo su, kamar yadda Malam Sa'adu Zungur ya yi. Bai taɓa kiran a kafa mulkin jam'iyya ɗaya ba, bai kira a rufe masallaci ba, kuma rayuwarsa ta siyasa gaba ɗaya a neman ƙuri'a ta ƙare, har ya rasu a 1983 yana ɗan takarar shugaban ƙasa.

Inda maganar ta fi daɗi ga aji shi ne zamanin PRP, jam'iyyar da Malam Aminu ya jagoranta a jamhuriya ta biyu. A 1979 jam'iyyar ta ci gwamnoni biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, kuma suna hawa suka soke haraji da jangali. Ka tambayi yaranka ko akwai wanda kakansa ya taɓa ba shi labarin gudun haraji, za ka sha mamakin yawan hannuwan da za su tashi. A cikin wannan jam'iyya kuwa akwai malaman jami'a da 'yan ƙwadago da ba su ɓoye cewa sun karanta Marx sun kuma gamsu da yawancin nazarinsa, kuma saɓanin da ya raba jam'iyyar gida biyu, Santsi da Taɓo, bai rasa nasaba da tambayar iya inda ya kamata a kai wajen ja da masu mulki. Majalisar Kaduna, wadda NPN ta fi rinjaye a cikinta, ta hana Balarabe Musa kafa kwamishinoni har ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Wannan labari kaɗai ya isa darasi guda a kan rabon iko tsakanin gwamna da majalisa.

Akwai kuma wani abu da yawancin littattafan karatu suke wucewa a kansa. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa kwamitin da ya zagaya ƙasa yana jin ra'ayin jama'a kan tsarin siyasar da ya dace, ƙarƙashin jagorancin Dokta Samuel Cookey, kuma rahoton da kwamitin ya miƙa a 1987 ya ba da shawarar Nijeriya ta rungumi tsarin gurguzu. Gwamnati ta yi watsi da wannan shawara, a daidai lokacin da take aiwatar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, sannan a 1989 ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, ta ce ɗaya ta ɗan karkata hagu, ɗaya ta ɗan karkata dama. Ni ina ganin yaron da ya san wannan ba zai ƙara ɗaukar babin aƙidun siyasa a matsayin labarin Turawa ba. Shawarar shugaban makarantarka ta a koma kan littafi ba ta da laifi idan ana maganar jarrabawa, sai dai littafin ba zai amsa wa jikan ɗan NEPU tambayarsa ba.

Malama mai koyar da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, Katsina:

Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, kun ba mu tarihin da ba mu samu a kwalejin horon malamai ba. Ni abin da zan ƙara ya shafi yadda ake tafiyar da minti arba'in ɗin ne, domin na lura idan na fara da sunan aƙida, yara sun riga sun yanke hukunci kafin in kai ƙarshen jimla.

Saboda haka ba na ambatar Marx a darasin farko ko kaɗan. Ina farawa ne da mai ga-ruwa, tunda babu yarinyar da ba ta san shi ba. Sai in zana kura a allo da jarkokinta, in tambaye su wa ya mallaki kurar, wa ya mallaki rijiyar burtsatsen da ake ɗebo ruwan, kuma idan mutumin ya wuni yana turawa daga asuba zuwa magariba, nawa ne ke komawa aljihunsa bayan ya biya kuɗin ruwa da hayar kura. 'Yan matan da kansu suke kawo farashin unguwarsu, mu yi lissafin tare. A bara wata ɗaliba ta dubi allon ta ce, Malama, ashe wanda bai tura komai ba zai iya fin mai turawa samu idan kurarsa goma ce. Sai wata, wadda mahaifinta yake da rijiya, ta ce ai babanta bashi ya ci ya haƙa ta, kuma idan injin ya ƙone ko man janareto ya yi tsada shi kaɗai yake ɗaukar asarar. Ban sa musu baki ba na ɗan lokaci, domin waɗannan yara biyu sun riga sun faɗi ainihin hujjar Marx da ainihin hujjar masu kare jari-hujja, ba tare da sun san sunan ko ɗaya ba.

A darasi na biyu nake raba su rukuni-rukuni, in ba kowane rukuni rijiyar unguwa guda. Wani rukuni rijiyarsu ta ɗan kasuwa ce, wani ta ƙaramar hukuma ce kuma ruwan kyauta ne, wani ta kwamitin unguwa ce da ake tara kuɗin gyara kamar adashe, wani kuma hukuma ta karɓe duk rijiyoyin garin ta kuma hana kowa yin ƙorafi. Tambayar da nake ba kowa iri ɗaya ce, wato ranar da famfon ya lalace wa zai gyara, kuma idan bai gyara ba me za ku iya yi masa. Kusan kullum rukunin ƙaramar hukuma ne suke fara dariya, saboda kowa ya san famfon gwamnati da ya shekara a mace. Rukuni na ƙarshe kuwa su ne suke yin tsit, domin suna gano cewa ba su da wurin kai ƙara. Sai a darasi na uku nake ɗora wa kowane rukuni sunansa na littafi, in ba su ma'anonin da WAEC da NECO suke so a rubuta, kuma a lokacin haddar ba ta yi musu wuya.

Daga nan nake shigo da Kundin Tsarin Mulki na 1999, saboda darasina na zama ɗan ƙasa ne. Sashe na 16 ya ce kada a tafiyar da tattalin arziki ta yadda dukiya ko hanyoyin samar da ita za su taru a hannun mutane ƙalilan, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika alkawuran da ke cikin babi na biyu, inda sashe na 16 yake. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, yayin da a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wutar lantarki da suka fito daga tsohuwar NEPA. Sai in tambaye su, to Nijeriya wace aƙida take bi? Ba na ba su amsa guda, domin abin da nake so shi ne su iya nuna hujja daga kowane ɓangare.

Game da iyaye kuwa, Malam, ni ma na taɓa fuskantar irin wannan, kuma tun daga lokacin ba na barin a kwafi maganar wani daga allo sai an fara rubuta sunan mai maganar da shekarar da ya faɗe ta, ina zagayawa ina dubawa. A ranar da za a taɓo batun addini nakan roƙi malamin Addinin Musulunci ya zauna a ajin, ya yi bayanin cewa Musulunci ya halatta mallaka da ciniki da gado, ya wajabta zakka, ya haramta riba, ya kuma kawo ayar Suratul Hashri da ta yi maganar kada dukiya ta zama abin kewayawa tsakanin mawadata kaɗai, da hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Inda akwai ɗalibai Kirista, malaminsu shi ma yana da abin faɗa daga littafin Ayyukan Manzanni game da yadda masu bi na farko suke tarayya a dukiya.

Mahaifin ɗalibai uku, Kaduna:

Ni ba malami ba ne, amma ina da yara a sakandare, kuma ina neman afuwar Baba na Zariya da Malama idan na ce har yanzu ban ga an taɓo abin da ya fi damuna ba. An yi maganar rijiya da haraji da jangali, amma Malam ya tambayi yadda yara za su san abin da aka aikata da sunan wannan aƙida, kuma ina jin tsoron kada a bar wannan ɓangare ya zama layi biyu a ƙarshen darasi, bayan ƙararrawa ta kaɗa.

Lokacin da Stalin ya tilasta wa manoma haɗa gonakinsu ƙarƙashin hukuma, yunwar da ta biyo baya a 1932 da 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukren. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya samu Kazakawa, mutanen Kazakistan, waɗanda Musulmi ne makiyaya, masu yawo da dabbobi kamar Fulaninmu. An tilasta musu zama wuri ɗaya, aka karɓe garkunansu, dabbobin suka mace, mutane fiye da miliyan ɗaya suka bi bayansu. A 1937 da 1938 kaɗai, takardun hukumar Sobiyet da kanta sun nuna an harbe mutane kusan 680,000 bisa zargin cin amanar ƙasa. A Sin, shirin Mao na gaggauta ci gaba da aka fara a 1958 ya sa manoma suka bar gona suna narka tukwane da fartanya a bayan gida don samar da ƙarfen da bai amfani kowa ba, kuma yunwar da ta biyo ta ci miliyoyin rayuka, mafi ƙarancin ƙiyasi shi ne miliyan 15, wasu masana kuma suna kai shi sama da miliyan 40. A Kambodiya, daga 1975 zuwa 1979, mulkin Pol Pot ya hallaka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar. A Albaniya kuwa, a 1967 hukuma ta rufe duk masallatai da coci-coci. Saboda haka yaron da ya ce kwaminis ba su yarda da Allah ba bai faɗi abin da babu ba, kuma mahaifin da ya zo da littafin ɗansa yana da haƙƙin ya tambaya.

Abin da nake so a koya wa 'ya'yana ya wuce adadin gawarwaki, ina so su san yadda abin ya faru. A Sin jami'an ƙauyuka sun riƙa aika wa na sama rahoton ƙarya cewa an yi girbi mai yawa, saboda duk wanda ya faɗi gaskiya ana ɗaukarsa maƙiyin juyin juya hali, hukuma kuma ta riƙa karɓar hatsi bisa lissafin ƙaryar, har aka kwashe abin da mutane za su ci. Babu jaridar da za ta buga, babu ɗan adawar da zai yi magana a majalisa, babu zaɓen da za a kayar da kowa. A ganina wannan shi ne ainihin darasin zama ɗan ƙasa da ke cikin babin, kuma shi ne rukuni na huɗu na Malama, waɗanda ba su da wurin kai ƙara. Ina roƙon a ba wannan rukuni darasi guda cikakke, da sunayen ƙasashe da shekaru.

Malamin Tarihi, Maraɗi:

Ina goyon bayan Alhaji na Kaduna cewa a faɗi waɗannan abubuwa da adadinsu, ni ma ina faɗa wa ɗalibaina idan mun zo babin yaƙin cacar baka. Amma adalci ya sa a auna kowace aƙida da mudu ɗaya. Idan an ambaci Yukren, a ambaci Kwango a hannun Sarki Leopold na Beljiyam daga 1885 zuwa 1908, inda aka riƙa yanke hannuwan mutane saboda roba, a ambaci masu haƙar kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Inugu a watan Nuwamba na 1949 saboda yajin aiki. Idan ba haka ba, yaro ba zai gane dalilin da ya sa matasan Afirka da yawa suka waiwayi Mosko da Beijin ba.

Sannan kalmar kwaminis kanta ta zama makami. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yi dokar murƙushe kwaminisanci a 1950, kuma da ita ta riƙa kama masu neman 'yanci har da Nelson Mandela. A Indunusiya, a 1965 da 1966, an kashe mutane wajen rabin miliyan bisa wannan zargi. Mu ma a nan Nijar muna da namu labarin, domin jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, aka haramta ta a 1959, wasu 'ya'yanta suka samu horo a Sin da Aljeriya suka dawo da makamai a 1964, aka murƙushe su. Ga kuma maƙwabciyarmu Jamhuriyar Binin, inda Mathieu Kérékou ya ayyana bin Marx da Lenin a 1974, ya janye a 1989 lokacin da albashi ya gagara, taron ƙasa na 1990 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, ya faɗi zaɓe a 1991 ya sauka. Ƙasar da ke iyaka da Kebbi ta fi Kuba kusa da hankalin yaron Kano.

Malamin Gwamnati, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, jiya na nemi yaron nan lokacin tara, na ba shi amsar kamar yadda kuka tsara, na kuma ba shi aikin ya tambayi kakansa a wace shekara aka ɗaure shi da kuma laifin da aka ce ya yi, ya rubuto mini shafi guda. Ya ce tsohon ba ya jin magana sosai yanzu, amma idan aka ambaci Sawaba yakan tashi zaune.

Na duba jadawalin zangon, darussa huɗu kacal zan iya ware wa wannan babi ba tare da na ci lokacin babin tsarin mulki ba. Na ba kurar ga-ruwa na farko, rijiyoyin Malama na biyu, na uku kuma na Alhaji ne da na Malam na Maraɗi a haɗe, kodayake ina shakkar minti arba'in za su ɗauki Yukren da Kwango tare. Na huɗu na ma'anonin jarrabawa ne, wanda ke nufin NEPU da PRP ba su samu gurbi ba, sai dai in mayar da su aikin gida. Malamin Addinin Musulunci ya amince zai shigo, amma ranar Laraba kaɗai yake da sarari, ni kuma darasina Litinin da Alhamis ne, don haka gobe zan je wurin mataimakin shugaban makaranta in ga ko za a musanya mini da malamin Lissafi. Malama, idan kina da takardar da kike raba wa rukunonin nan, ina roƙon ki ɗora hotonta a nan kafin a koma hutu.